Robar da Marigayi Ya Bari a Famfon Kicin

Abubuwa da yawa na shekarar da maigidana ya rasu sun dushe a kaina. Ba na iya tuna waɗanda suka zo gaisuwa da waɗanda ba su zo ba, ba na ma tuna abin da na riƙa ci. Amma safiyar Juma'ar da na tsaya a wani shagon kayan famfo a Gwallaga ina zaɓen roba, hawaye na bin kumatuna a cikin hijabi, ita kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. Duk wanda na ba wa labarin sai ya fara da dariya, wai robar famfo ce abin tunawa. Ni ma dariyar nake yi yanzu, amma a lokacin zamana a gidana ne ya rataya a kan wannan 'yar roba.

Gidanmu yana Inkil, can bakin gari, inda in ka leƙa ta katanga gonakin masara za ka hango. Marigayi ne ya gina shi a hankali, yau bulo gobe kwano, har muka tare ba a ma yi wa ɗakuna fenti ba. Allah Ya jiƙansa, mutum ne da bai yarda a kira masa mai gyara ba. Fanka ta tsaya, shi ne. Kwaɗo ya ƙi buɗewa, shi ne. Yana da wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado cike da sifana da filaya da ƙusoshin da suka yi tsatsa, in na ce a zubar sai ya ce kowannensu yana jiran ranarsa ne. Ni kuwa malamar firamare ce, alli na sani da jan biro. Abin da ya lalace a gida nakan faɗa masa ne kawai in wuce, in na dawo in tarar ya gyaru, ban taɓa tambayar yadda aka yi ba.

Ruwanmu na rijiyar burtsatse ne ta unguwa. Sai an kawo wuta ake turo mana, mu cika tankin da ke bisa ƙarfe a bayan kicin, mu yi ta lallaɓa shi har a sake kawowa. Ina cikin takaba famfon kicin ya fara ɗiga. Da farko ɗis, sai a jima, ɗis. Na tara masa kwano. Kwano ya koma bokiti. Kullum in na gama wanke-wanke sai in murɗa kan da ƙarfina har tafin hannuna ya yi ja, ya yi shiru na kwana ɗaya ya dawo da ƙarfinsa. Na ɗaure bakin da leda, na naɗe shi da robar taya, ruwan ya nemi hanyarsa ta gefe. Wani mai gyara da aka turo mini ya leƙa daga bakin ƙofa ya ce irin na da ne, sai dai a cire shi gaba ɗaya a sa sabo. Na ce ya bari zan neme shi, ban kuwa neme shi ba. Marigayi ne ya ɗaura famfon nan da hannunsa ina riƙe masa fitila, ban ji zan iya kallo a tumɓuke shi a jefar ba.

Maigidana yana da wa, ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, yana zaune a gidan gadonsu a Ƙofar Wambai. Yaya muke ce masa, ni da marigayin duka. Mutumin kirki ne, wannan ba zan ɓoye ba. Tun ranar rasuwa bai bar mu mun nemi komai mun rasa ba. Sai dai magana ɗaya yake yi, in ya yi ta kuma ta zauna. Ni kuwa duk shekarun da na yi a gidan ƙaninsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, balle in ɗaga ido in musa masa. Tun kafin in fita takaba nake jin ƙishin-ƙishin cewa yana so a kwashe mu, ni da 'ya'yana mata biyu, a mai da mu gidan gado, wannan kuma a zuba 'yan haya.

Ban daɗe da fita takaba ba ya zo duba mu wata la'asar, ya kuwa zo a mummunar sa'a. Tanki ya ƙafe tun safe, famfon ya tsiyaye shi tas. Ya yi karo da yarana a ƙofar gida suna kinkimo jarkar ruwa daga maƙwabta. Da ya zauna ya nemi ruwan alwala, na ɗaga buta na ji ta fayau. Kunyar da na ji ranar har yanzu in na tuna sai in ji zafi a fuskata. Ya tashi da kansa ya leƙa kicin, ya ga famfon a naɗe da leda da robar taya kamar ƙafar da ta karye, ga bokiti a ƙasa, ga bango ya yi kore.

Ya dawo ya zauna. Sannan ya ce, "Malama, kin gani ko? Wannan famfo ne kawai. Gobe ƙofa ce, jibi rufi ne, ga damina na tafe. Gida yana son namiji. Ni ba zan iya kwana a cikin gari hankalina yana nan bakin daji ba. An gyara muku ɗakuna biyu. Ranar Asabar zan zo da mota a fara kwasar kaya."

Na ce, "To, Yaya." Abin da ya fito daga bakina ke nan, alhali cikina yana ihu. Ina son gidan nan. Ina son mangwaron da muka dasa shekarar da aka haifi babbar 'yata, ina son in buɗe ƙofa da safe in ji ƙamshin ƙasa. A gidan gado kuwa ba wanda zai wulaƙanta ni, amma zan koma baƙuwa mai jiran a ce mata ga inda za ta shanya wanki. Na san duk wannan, na kasa furta ko kalma ɗaya. Haka aka raine mu, kuma ko yau ba na jin zan iya tsayawa ina jayayya da shi.

Katangarmu ɗaya da wata dattijuwa Kirista, 'yar kudancin jiharmu, wadda ta yi ritaya daga aikin asibiti. Yaran unguwa Mama suke ce mata, ni ma na bi bakinsu. Mijinta ya shafe shekaru yana aiki a nesa, ita ta riƙe gidanta da 'ya'yanta da wani jan karenta mai haushin tsiya. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta, tun ina dariya har na saba. Ita na tarar da maganar washegari, ina faɗa ina share hanci.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To Malama, kuka zai gyara famfo? Roba ne ya mutu a ciki, shi ke nan. Kai da kake koya wa yara lissafi, roba zai gagare ka?"

Na ce ai ko an gyara, Yaya ya riga ya yanke magana.

Ta ce, "Ya yanke don ya ga leda da bokiti. Bari ya zo ya ga wani abu dabam. Amma ba ni zan taɓa ba, ba kuma mai gyara ba. Kai za ka yi da hannunka, ni zan tsaya a baya."

Lokacin hutun makaranta ne, don haka ranar Alhamis da hantsi na jawo akwatin marigayi daga ƙarƙashin gado. Tun rasuwarsa ban buɗe shi ba. Warin man inji da tsatsa ya bugi hancina, sai da na ɗan zauna kafin in iya ɗaukar sifana. Mama ta tsaya a bayana ta harɗe hannu tana ba da umarni kamar tana ɗakin haihuwa. In fara rufe makullin ruwa na gindin tanki. In buɗe famfon ya tsiyaye abin da ya rage. In toshe ramin wurin wanke-wanke da tsumma, don in ƙusa ta faɗa ciki sai dai haƙuri. Na kwance mariƙin, na sa sifana a wuyan famfon na murɗa, ya ƙi. Na sake murɗawa ina kiran sunan Allah, sai na ji ya saki. Na zaro kan gaba ɗaya, wani ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa, a gindinsa ga wata baƙar roba ta kumbura ta tsage gefe.

"Ga mai laifin," in ji Mama. "Cire shi ka tafi da shi kasuwa. Ka nuna musu, su ba ka irinsa daidai. Haka ake yi."

Haka kuwa kowa ke yi, kuma shawara ce mai kyau a kowane gida ban da nawa. Na ƙulle robar a bakin gyale, na sa hijabi, na tari keke zuwa Gwallaga, layin masu kayan famfo. Shagon da na fara shiga cike yake da magina ana ta cinikin bututu. Mai tsaron shagon ya karɓi robar ya juya ta sau ɗaya, ya turo mini wani faranti cike da robobi ya ce in duba da kaina. Na yi ta ɗora tsohuwar a kan sababbi. Duk sun fi ta sirantaka, sai can na sami wata mai kauri da faɗi kusan irin nata. A raina na ce ai mai kauri ita ce mai ƙarko. Na biya na fito ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa.

Da na dawo Mama ta tafi taron matan cocinsu, ni kuma zumuɗi bai bar ni na jira ta ba. Akwai wani ɗan gurbi a gindin ƙarfen inda robar ke zama. Sabuwar ta ƙi shiga. Na danna da babban yatsa, na danna da bayan cokali, ta shiga rabi ta karkace. Na ce ai in an ɗaure za ta daidaita. Na mai da komai, na je na buɗe makullin tanki, wanda da ƙyar muka samu ya cika daren jiya. Kafin in dawo kicin na jiyo shaaa. Famfon da ke ɗiga a da yanzu kwarara yake yi, na murɗa mariƙin iya ƙarfina ya ƙi rufuwa, ruwa har yana tsartuwa ta wuya yana dukan bango. Na ruga bayan kicin, makullin ya cije, santsin hannu ya hana ni kama shi. Kafin in samu in rufe da bakin zanina, ruwa ya malale kicin ya fito tsakar gida.

Na zauna a kan turmi, jiƙe sharkaf, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar uku. Na ce Yaya ya yi gaskiya. Har na fara lissafa a zuci abin da zai shiga ɗakuna biyu da abin da za a rabar. A haka Mama ta shigo ta same ni, da ankon cocinta a jiki. Ta dubi ruwan, ta dube ni, ta tattare zani ta kwance kan famfon ta ga yadda robar ta lanƙwashe.

Ta ce, "Wannan bai zauna ba sam. To ko tsohon ne ya kumbura ya ruɗe mu? Laifina ne. Gobe kar ka tafi da roba kaɗai, ɗauki kan gaba ɗaya, a gwada a gabanka."

Na ce, "Mama, gobe Juma'a, jibi mota za ta zo."

Ta ce, "To ai gobe ba jibi ba ne. Tashi ka canja kaya kafin mura ya kama ka."

Da sassafe na koma Gwallaga, don in riga masu rufe shago su tafi masallaci. Kan famfon yana cikin leda, tsohuwar robar tana bakin gyale. Kunya ta hana ni komawa shagon jiya, sai na shiga wani ɗan ƙarami a kusa da wani masallaci, inda wani dattijo mai farin gemu ke zaune yana shan kunu. Na gaishe shi na zazzage masa komai a kan teburi, har da robar da na saya jiya. Ya ajiye kofin ya ce, "Hajiya, ta baki yake zuba ko ta wuya?" Na ce da ta baki ne, jiya kuma ya haɗa duka biyun. Ya ce to roba biyu ce a ciki. Mai faɗin da ke gindi ita ke tare ruwan baki, akwai kuma wata siririya kamar zobe a wuya, ita ke hana shi fita ta wajen mariƙi. Ya nuna mini zoben da farcensa, ya bushe ya tsattsage, ni ban ma lura da shi ba.

Sannan ya ɗauki tsohuwar robar. Ya matsa ta, ya lanƙwasa, ya kai ta kusa da idonsa. Ya tsoma ta a ruwan butarsa ya goge da gefen tsumma, sai na ga yana murmushi.

Ya ce, "Wa ya sa miki wannan?"

Na ce maigidana ne, Allah Ya yi masa rasuwa.

Ya ce, "Allah Ya jiƙansa da rahama. Lallai mai dabara ne. Hajiya, wannan ai ba robar kamfani ba ce. Silifa ce aka yanka. Dubi nan."

Ya miƙo mini. Inda ya goge baƙin ya fita, sai ga launin ruwan ɗorawa, da wasu 'yan ƙananan layuka irin na tafin takalmi. Na san launin nan. Na san layukan nan. Silifata ce ta shiga kicin, wadda ƙafarta ɗaya ta ɓace shekarun baya na birkice gida ina nema. Na tuna marigayi yana zaune a tabarma yana sauraron rediyo, ko gezau bai yi ba, ya ce, "Ƙila karen Mama ne ya ja ta, kin san halinsa." Na yi kwanaki ina harar karen nan ta katanga. Ashe mutumin nan yana zaune yana kallona, silifata tana cikin famfo tana tare mana ruwa.

Dariya ta zo mini tare da kuka, na rasa wanda zan fara. Na juya baya na ja hijabi na rufe fuska, kafaɗuna suna rawa. Wata huɗu da kwana goma na takaba ina neman abin da zan riƙe nasa, na shinshina rigunansa har ƙamshin ya gushe, ashe ga aikin hannunsa da tsokanarsa a kicin ɗina ina murɗawa kullum. Dattijon bai ce mini in yi shiru ba. Ya ci gaba da shan kununsa har na nutsu, sannan ya jawo wani faranti mai gida-gida, kowane gida da girman robarsa.

Ya ce, "Abin da ya ruɗe ki, kin auna sabuwa da tsohuwa. Tsohuwar kuwa da wuƙa aka yanka ta, ta kuma sha ruwa ta buɗe. Bar ta gefe. Da gurbin za ki auna. Ga su nan, gwada da hannunki, tunda ke za ki ɗaura."

Na goge idona na fara gwadawa. Ta farko ta yi ƙanƙanta, tana rawa a cikin gurbin. Ta biyu sai an danna. Ya ce duk wadda sai an yi mata dole ba ita ba ce. Na ɗauki wata baƙa, shimfiɗaɗɗiya, ba ta kai ta jiya kauri ba ko kusa, na ɗora, sai ta zauna lif, ba rawa ba tilas. Na kife ƙarfen ba ta faɗo ba. Na ɗago na dube shi, ya gyaɗa kai. Ya sa na matsa ta tsakanin yatsuna in ji, ya ce mai taurin dutse ba ta kama ruwa, mai laushin tsiya kuma ba ta daɗewa, a nemi tsaka-tsaki. Haka na zaɓi zoben wuyan ma da kaina, na mirgina shi ya faɗa layinsa. Na ɗauki bibbiyu don ajiya.

Ina shirin fita ya ce, "Kafin ki ɗaura, sa yatsa cikin famfon ki share inda robar za ta sauka, kar a bar yashi. Kuma in kin rufe ruwa ya tsaya, ki tsaya ke ma. Yawan murɗawa da ƙarfi shi ke kashe roba." Na tuna yadda na yi watanni ina murɗa ta har hannuna na ja, na ce a raina ashe ni na ƙarasa silifar tawa.

Da na isa gida ban ko cire hijabi ba na leƙa ta katanga na kira Mama. Na ɗora mata robar a tafin hannu na ba ta labari. Ta riƙe baki, sannan ta fashe da dariya har tana dafa bango. "Wayyo karena! Shekara nawa yana ɗauke da sunan ɓarawo! Malam, Malam, Allah Ya gafarta maka!" Malam take ce wa marigayi. Ta yi dariya har idonta ya kawo ruwa.

Na share cikin famfon da yatsa, yashi ya fito da ɗan ɓarɓashin ruwan ɗorawa. Na mai da kan a hankali, na ɗaure da sifana daidai, ban yi masa dole ba. Mama ta je gindin tanki ta buɗe ɗan ruwan da ya rage. Na buɗe famfon ya zubo, na rufe da yatsu biyu kawai. Ya tsaya. Na sa busasshen faranti a ƙasa muka zuba masa ido kamar masu jiran jinjiri ya yi numfashi. Aka kira sallar Juma'a, aka sauko, farantin nan ko ɗigo babu. Sai a lokacin na gane irin shirun da gidan ya yi, don na saba da ɗis ɗis ɗin nan har na daina jin sa. Da yamma Allah Ya taimake ni aka kawo wuta, tanki ya cika, na wanke koren bangon da toka da soso.

Ranar Asabar da hantsi Yaya ya iso da a-kori-kura. Ya bar direban a waje ya shigo da sallama, ya ga ko tsinke ban ɗaure ba. Fuskarsa ta canja. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwan sha da buta cike. Muka gaisa, ya tambayi yara. Na durƙusa daga gefe na ce, "Yaya, in ba damuwa, a leƙa kicin."

Ya tashi ya shiga. Ina jin sa ya buɗe famfon, ya rufe, ya sake buɗewa, ya rufe. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ce, "An sa sabo ne?" Na ce tsohon ne. Ya ce, "Wane mai gyaran kika samu?" Na sunkuyar da kai na ce ni ce na kwance shi, na je Gwallaga na zaɓo robar, na ɗaura. Na faɗa masa har ɓarnar da na yi ranar Alhamis, ban rage komai ba. Sannan na miƙa masa tsohuwar robar a kan ɗan faranti, na ce ga abin da na tarar a ciki, silifata ce ƙaninsa ya yanka.

Ya ɗauke ta ya juya. Na ga gemunsa yana motsi. Ya koma ya zauna a kan tabarma, ya ce, "Ni na koya masa wannan. Muna yara famfon tsakar gidanmu ya lalace, muka yanka silifar Inna, sabuwa fil. Ni na yanka, shi ya sha dukan, bai kuma taɓa tona ni ba." Ya yi 'yar dariya, ya sa gefen babbar rigarsa ya goge ido. Tunda aka yi rasuwar ban ga hawayensa ba sai ranar, shi da ya tsaya ƙyam ya karɓi gaisuwar kowa.

A waje direban ya danna ham. Yaya ya dubi mangwaron, ya dubi akwatin ƙarfen da na bari a bakin ƙofar kicin da sifana a kai. Ya ce, "In rufi ya yi yoyo fa?" Na ce in na iya zan yi, in ban iya ba zan nemi wanda ya iya, in ya fi ƙarfina kuma shi zan fara kira. Ban san inda na samo bakin faɗar haka ba.

Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya sa robar a aljihun gaba ba tare da ya tambaye ni ba. Har ya kai zaure ya juyo ya ce, "Famfon tsakar gidan namu ma ya fi wata yana zuba, an rasa mai dubawa. Gobe in kin samu sarari ki zo da kayan aikinki ki duba mana. Ki zo da wuri, don ki samu ki koma gidanki kafin magariba."

Gidanki. Na tsaya a zaure ina jin motar nan ta tashi ta tafi babu ko kujera a bayanta, na jingina da bango na yi ta maimaita kalmar ina hamdala. Mama kuwa ashe duk tana laɓe a jikin katanga, sai ji na yi ta rangaɗa guɗa irin ta garinsu, karen ma ya taya ta.

Yau shekaru sun ja. 'Yan matan nan da ke kinkimar jarka sun girma a gidan ubansu, kowaccensu ta iya kwance famfo kafin ta iya tuƙa tuwo. Rufin ya yi yoyo kamar yadda Yaya ya faɗa, na kuwa kira shi, ya zo da kafinta ya tsaya a kai har aka gama. Robar tana wurinsa har yanzu, ban taɓa neman ya dawo mini da ita ba.

Abin da na koya a wannan mako ya wuce gyaran famfo. Na gane Yaya ba gidan yake son raba ni da shi ba, tsoro ne ya cika shi, kuma mai jin tsoro a kanka ba gardama yake buƙata ba, so yake ya ga abin da zai kwantar masa da hankali. Na kuma riƙe maganar dattijon nan na Gwallaga. Na daɗe ina auna kaina da marigayi, ina ganin tunda ba zan zama shi ba to ba zan iya riƙe gidansa ba. Ashe ba a auna sabuwa da tsohuwa, da gurbin ake aunawa. Shi ya riƙe gidan da dabararsa da silifata, ni kuma na riƙe shi da tawa, kuma har yau in na rufe famfon nan da yatsu biyu ya tsaya cak, sai na yi masa addu'a ina murmushi.